Ruwan Maraɗi a rediyon jirgin wasa

Shekarun baya, lokacin da fari ya bi fari a ƙasar Sabon Birni, na je hutu Gangara wajen kawuna. Ina koyarwa a Sakkwato a lokacin, kuma ina fama da wata lalura da na gada a wurinsa: son rediyo mai gajeren zango. Kawu mutum ne da zai ɗaura waya a reshen bedi ya wuni yana murɗa akwati, don kawai ya ji wata tasha daga ƙasar da ba zai taɓa zuwa ba. Amma a shekarar nan akwatin nasa yana rataye shiru, don wanda bai sami na hatsi ba ina zai sami na batir.

Na zo da kwamfuta, a cikinta akwai wani wasa da abokina ya sa mini. Kana zama kamar matuƙin jirgin sama, ka tashi, ka zaga, ka sauka, duk a kan allo. Tuƙin bai taɓa karɓa ta ba, kullum sai na kifar da jirgin a gonar wani bawan Allah. Abin da ya ja ni shi ne rediyon da aka sa a cikin jirgin. Kana murɗawa kana jin shuuu ɗin nan na gajeren zango, can sai murya ta fito. Sai dai ba kai tsaye ba ne, tsofaffin shirye-shirye ne da masu sha'awa irina suka naɗa suka zuba a ciki, har da na Hausa. Na ɗauka zan faranta wa tsoho rai ne da shi.

Gidan da na tarar bai da wurin wasa. Lokacin shuka yana neman wucewa, sama fayau, an fita roƙon ruwa har an gaji da fita. Rumbu ya zama ɗakin kaji. Abin da ya rage shi ne irin gero da kawu ya zuba a tulu ya liƙe bakinsa da laka. Ga jikoki a gidan, ubansu ya tafi cirani kudu, shiru. Matar kawu, wadda nake kira Inna, kullum idonta yana kan tulun nan.

"Malam," in ji ta ga kawu wata safiya, "ɗiyan ga sun manta kalar hura. Iri na mi ne in masu cin shi sun ƙare? Ka hwasa tulun ga."

Kawu ya miƙe. Ya ɗauki butarsa ya fita.

Ranar kasuwa na kai kwamfutar Sabon Birni aka yi mata caji. Da la'asar na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na kunna wasan, na ɗora ta a cinyar kawu. Ya ƙura wa allon ido ya ce, "To direban sama, ina munka nuhwa?" Na ce muna bisa Alkalawa. Ya ce, "Duba muna ko ka ga hadari can." Rabon da in ji ya yi raha tun ranar da na zo.

Na nuna masa yadda ake murɗa rediyon. Ya wuce Faransanci, ya wuce Larabci, sai ga wata murya ta Hausar Nijar ta fito tar. Mutumin yana cewa an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a Maraɗi da kewayenta, hadarin kuma ya nufo yamma. Inna tana gefe tana tsince tafasa, hannunta ya tsaya.

Kawu ya miƙe tsaye. "Kun jiya? Ruwan Maraɗi ba ya ƙetare mu. Gobe binne za mu yi."

Ga wanda bai yi noma ba, binne shi ne a shuka iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka. In ruwa ya zo da wuri ka riga kowa. In ya yi jinkiri, tururuwa da tsuntsaye su raba gadonka. Ni kuwa na san labarin nan ya girmi wasu daga cikin jikokin da ke zaune a wurin. Na buɗe baki zan yi magana, kawu ya ce in taso mu tafi masallaci.

Muna fita ƙofar gida na ce, "Kawu, don Allah kada ka taɓa tulun nan. Maganar da ka ji tsohuwa ce, naɗaɗɗiya ce. Babu wani ruwa a Maraɗi."

Ya ci gaba da tafiya bai waiwayo ba. "Ɗana, kai za ka koya min rediyo? Na sani."

"To don me?"

Sai ya tsaya. Ban taɓa ganin gajiya a fuskar mutum irin ta ranar ba. Ya ce, "Tulun ga in ya ƙara kwana cikin gidan ga, ni da kaina za ni hwasa shi. Ba ni iya kallon idon ɗiyan ga. In munka ci shi, ko ruwa ya zo me za mu sa ƙasa? In yana cikin ƙasa ba mai iya tono shi, har ni. Ni in na hwaɗi, Innarka ba ta yarda. Amma rediyo ya hwaɗi. Ka kama bakinka."

Na ji haushinsa, ba zan ɓoye ba. Na kuma ji haushin kaina da na kwaso jirgin wasa na kawo gidan da ake jin yunwa. Amma na kama bakina.

Washegari aka fasa tulun, kawu ya yi gaba da sungumi yana sara, Inna da yara suna biye suna jefa iri suna rufewa da ƙafa, ni ma ina ciki ina zufa kamar wanda ya saba. Sai muka koma jira. Ruwa bai zo a makon ba, bai zo a na bayansa ba. Aka ci tafasa, aka ci anza, 'ya'yan wani itacen daji da ake jiƙawa don a kashe ɗacinsu. Na je Isa na samo ɗan garin rogo, bai kai ko'ina ba. Kullum ina jiran Inna ta ce ina ruwan Maraɗin, ba ta taɓa tambaya ba.

Ruwa ya zo daga baya, a makare. Kusan rabin shukar ta fito, sauran ƙwari sun ci. Maƙwabtan da suka cinye irinsu sai ga su a kan babura har Burkusuma suna neman na shukawa. Mu mun sami ɗan abin da muka samu, ba na a zo a gani ba, amma ya riƙe gidan.

Bayan rasuwar kawu ne na ga ya kamata in sauke nauyin. Na zauna kusa da Inna na gaya mata duk yadda aka yi, ina sunkuyar da kai kamar mai bayyana babban sirri. Ta dube ni ta yi 'yar dariya.

"Mutumen da ya yi maganar ga cikin rediyon jirginka ai ya daɗe da rasuwa. Cikin akwatin kawunka na ji ta'aziyyatai. Shekara nawa ina daka tsakar gida muryatai na tashi, ka ce ban gane ta?"

Na ce, "To Inna, me ya sa kika yi shiru?"

"Shi ya samu abin da za ya gaya min," in ji ta. "Ni ma na samu abin da za ni gaya ma ɗiya."

Har yau in na tuna ba dariya nake yi ba, wata kasala ce take saukar mini. Mu uku manya a tsakar gidan nan duk mun san babu ruwa a Maraɗi, kowa ya ɗauke ya riƙe don ɗan'uwansa, ni kaɗai nake zaton na fi kowa sani. Yaran sun girma, wasu har sun yi aure, kuma har yanzu suna ba da labarin shekarar da rediyon jirgina ya hango musu ruwa. Ban gyara musu ba.