Mangwaron da Kawu Ya Bari

Jiya na fake a inuwar wani mangwaro a Daurawa ina jiran adaidaita sahu, sai Kawu ya faɗo mini a rai.

Direban katafila ne. Ba ya fara aiki sai ya sauko ya zaga wurin da ƙafa. Yakan ce, "Ƙarfe ba shi da ido, nawa yake ara."

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula aka zo buɗe layinmu, unguwa duk warin baƙin mai da ƙamshin ɗanyar ƙasa. Kawu ya tarar da dashen mangwaron wata tsohuwa a gefen hanya, ko ƙugu bai kai ba. Faffaɗan bakin katafilar, mai kwasar ƙasa da yawa, ba zai wuce ba sai ya tumɓuke shi.

Ɗan kwangila ya ce, "Malam, ture shi mana, rana tana yi."

Kawu ya ce, "Yi haƙuri, Alhaji, a ɗaura mini ƙaramin bakin."

Aka kwance babban aka ɗaura ƙaramin, aikin safiya ya kai su la'asar.

Inuwar da na sha jiya ke nan. Allah ya jiƙan Kawu, ya sa shi ma yana cikin inuwa.