Wankan Jego a Gidan Hayar Suleja

Ana idar da sallar asuba muka bar Funtua, ni da ƙanwata. Kayanmu buhu ɗaya ne da ƙulli: gero, kanwa, yaji, daddawa, sai zannuwan goyo. 'Yata ce ta haihu a Suleja. 'Yar fari ce, ba na kiran sunanta. Da a gida za ta haihu kamar yadda aka saba, sai haihuwar ta riga mu. Niyyata ɗaya ce: a yi suna, in ɗauko ta da jaririn, ta ƙarasa wanka a gabana. Tun da mijinta ya samu aikin tuƙi a Abuja ya kama musu haya a Suleja, duk wayar da muka yi maganarta ɗaya ce: "Inna, nan ba wanda ya san wani."

Kuɗin mota ya kusa ninka na bara. Na yi magana, ɗan kamasho ya ce in je in tambayi gidan mai. Aka cusa mu a baya kamar buhunan masara. Ƙanwata ba ta son warin fetur, tun kafin Zariya ta toshe hanci da gyale, ba ta sake magana ba sai Kaduna. Na huta.

Daga Kaduna hanya wani wurin sumul, wani wurin a karkatar da ku hannu ɗaya da manyan motoci. Inda daji ya yi kauri, motar ta yi tsit, kowa na addu'a a ciki. Ni ban razana ba. Na taɓa barin ƙauyenmu da ƙafa, da zani ɗaya, harbi na tashi a bayana. Daji ta tagar mota kallo ne kawai.

A Tafa muka tsaya. Tireloli sun yi jere har sun zama wani gari. Na sayi soyayyar doya da yaji. Doyarsu ta fi tamu araha, ta fi ta gari a baki. Daga nan ƙasa ta yi ja, ciyawa ta fi mutum tsawo, duwatsu suka fara leƙowa.

Da azahar muka shiga Suleja. Gari ne na hawa da gangara, gidaje sun hau kan juna. A keke ɗaya na ji Hausa, na ji Gwaranci, na ji Turancin kasuwa, duk a bakin mai keken. Matan Gwari na wucewa da kaya a kafaɗa, ba a ka ba. Na daɗe ina kallonsu.

Gidan hayar ɗakuna ne jere suna kallon juna, da 'yar siririyar tsakar gida ta siminti, igiyoyin shanya sun ratsa ta. Kowace ƙofa da kwaɗo. Masu aiki a Abuja tun da duhu suke fita, 'yan kasuwa su bi bayansu. Kwana kawai ke kawo su gida. Ƙofar 'yata ce kaɗai a buɗe.

Jaririn lafiyayye, baki irin na ubansa. Uwar ce ban gamsu da ita ba. Na ce ta nuna mini inda take wanka. Ta nuna mini bokiti da wata 'yar butar lantarki. Ruwan da ko shayi ba zai dafa ba. Na fita na tare wata Bagwariya na sayi itace, na karyo ganyen darbejiya a bakin hanya, na ari babbar tukunya wajen mai abinci a layin.

Da asuba na jera duwatsu uku a tsakar gida. Na ga ganga cike da ruwa a gindin bango, na ɗebe ta tas. A wurinmu ruwan tsakar gida na kowa ne. Na hura wuta. Itacen damina ne, ɗanye. Hayaƙi ya tashi baƙi, ya rasa hanyar fita, ya bi ɗakuna.

Ashe Lahadi ce. Kowa na gida. Ashe kuma fararen kayan da suka kwana a igiya na zuwa coci ne.

Ƙofofi suka dinga buɗewa. Tari, ihu, yara na kuka. Wani ya fito da gajeren wando da bokiti, ya zaci gobara ce. Wata doguwar mace mai jiki ta tsaya a kaina, farar rigarta a hannu ta koma ruwan toka. Madam suke ce mata, 'yar ƙabilar Ibo, tana sayar da kayan miya a kasuwa. Ta leƙa ganga, ta dube ni.

"Mama! Ruwana! Jiya na saya wajen mai kura!"

Na ce, "Ba a rubuta suna ba."

Ko da an rubuta ba zan iya karantawa ba, amma ban gaya mata ba.

Wakilin mai gidan ya zo, kiyateka suke ce masa. Ya nuna simintin da ya ƙone. Ya ce wa surukina in aka sake hura wuta a gidan, su nemi wani ɗaki. Yaron nan ya sha yawo kafin ya samu wannan. Ya tsuguna yana ba da haƙuri, ya kasa ɗaga ido ya dube ni, ni ma na kasa dubansa.

Na shiga ɗaki na ce wa 'yata ta haɗa kaya, ba sai an jira suna ba. Gidan da ba za a dafa wa maijego ruwa ba, ba wurin zama ba ne. Ta ce to. Ta fara ninke zannuwa tana kallon ƙofa, inda takalmin mijinta yake. Na gani. Na yi kamar ban gani ba.

Bayan an taso daga coci aka buga ƙofa. Madam ce, cikin wata rigar daban. Na miƙe, na ɗauka faɗan ne ya dawo. Ba ta ko kalle ni ba. Jaririn take kallo.

"Yaushe aka haife shi?"

'Yata ta gaya mata.

Ta dafe ƙirji. "Bango ɗaya tsakaninmu! Ni na zaci rediyo ne ke kuka! Ke yarinya, ba ki da baki?"

'Yata ta ce kullum tana ganinta cikin sauri.

"Ni kuma kullum labulenki a sake. Na ce matan Hausawa ba sa son a shigar musu."

Ta tambayi ruwan na mene ne. Na gaya mata. Ta kwashe da dariya har ta zauna a bakin gado. Ta ce su ma haka suke yi. Uwa ce ke zuwa ta zauna da 'yarta, ta gasa mata ciki da tsumma da ruwan zafi, ta dafa mata farfesu mai yaji. Ta ce ita da ta haihu a garin nan uwarta ta riga ta rasu, ba wanda ya zo. Ita ta dafa ruwanta da kanta. Ta faɗa ba tare da ta canza murya ba. Irin wannan muryar na san ta.

Ta ja ni bayan gida. Akwai wani ɗan fili inda take suyar manja, da murhun gawayi babba. Ta ce nan za mu riƙa dafawa, kiyateka ita za ta ji da shi. Na biya mai kura ya cika mata ganga. Rigar kuwa ni na wanke ta, sai da hannuna ya yi zafi kafin ta dawo hayyacinta.

Daga ranar muka raba aiki. Ni na safe da ganye, ita na yamma da tsumma. Ni kunun kanwa, ita farfesu. Ta ɗanɗana kununa ta yamutsa fuska. Na ɗanɗana farfesunta, hawaye ya zubo mini, ni da na ɗauka yajina ne ƙarshe. Ta ce a garinsu har giyar ogogoro ake ɗan zubawa. Na ce wannan a bar shi a garinsu. Wankanmu ta ce dukan mutum ne da ganye. Na ce nasu shafa ce. Ba wadda ta yarda da wata, maijego dai ta yi jajir, nono ya kawo.

Ranar suna na ɗauka mu kaɗai za mu zauna. Gidan ya cika. Mai gajeren wandon nan shi ya kawo kujeru. Wata Bakanuwa a ɗakin ƙarshe, wadda 'yata ba ta taɓa sanin Bahaushiya ce ba, ita ta yi waina. Madam ta yi dafa-duka, ta sa surukina ya sayo naman da kansa don hankalin kowa ya kwanta.

Bayan suna na ce to, tafiya. 'Yata ta sake duban takalmin mijinta. Madam ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, hannu a ƙugu.

"Mama, tafi ki duba awakinki. Bar mini yarinyar."

Na ce, "Safe da yamma. Ruwa ya tafasa."

"Na ji."

"Ba ɗumi ba. Tafasa."

"Mama, na ce na ji!"

Na bar mata sauran kanwa da yaji. Na nuna mata yadda ake kama ganye. Ta raka mu har tasha, ta yi faɗa da ɗan kamasho ya ba mu kujerar gaba.

Mun iso Funtua da la'asar. Abin da na gani a Suleja kaɗan ne. Garin baƙi ne, kowa daga wani wuri ya zo, kowa na zaton shi kaɗai ne baƙon. Ba mugunta ke rufe ƙofofin ba, gajiya ce da kunya. In 'yarku tana can, ku ce ta ɗage labule ta gaida mutane. In za ku je wanka, ku sayi gawayi, ku tambayi mai ganga.

Maƙwabta sun shigo yi mini sannu da hanya, suna leƙen bayana.

"Ina maijegon? Ba ke kika ce da ita za ki dawo ba?"

Na ce, "Tana wajen uwarta."

"Wace uwar kuma?"

Na ce, "Ta can."