Ranar da Na Hana Baba Ganin Giwa

Laifina ne mahaifina bai sake ganin giwa ba kafin idonsa ya rufe. Na daɗe ina ɗora wa zafin rana da rashin sa'a, har da jagoran da ya raka mu, amma na san ni ne.

Baba mutumin Damaga ne, ɗan maharbi. Shi noma ya riƙa, sai dai yana yaro ya bi kakanmu daji, tun ba a gina madatsar ruwa ba, lokacin da mutum kan yini a bayan gari bai ga gona ba. A can ya taɓa ganin giwa, sau ɗaya tak. Ya ce da hantsi ne, suna gindin wata kanya, sai ya ga kamar dutse ya gaji da zama ya miƙe yana tafiya. Bai ji takunta ba. Kakanmu ya dafa masa kai, suka durƙusa har ta shige.

Akwai abin da maharban gidanmu suka gada. Ba sa kiran sunan giwa a cikin daji. A gari ka faɗa yadda ka ga dama, amma da ka wuce gonar ƙarshe sai dai ka ce "masu gida", don wurin nasu ne, kai ka zo musu. Tun ina ƙarami na san wannan.

Ina Talata Mafara ina sayar da iri da maganin feshi lokacin da ganinsa ya fara raguwa. An duba a asibiti, aka ce ba irin ciwon da ake wankewa ba ne. Wata ranar kasuwa ya zauna a bencin shagona, ya daɗe yana kallon titi, sannan ya ce, "Idon ga tahiya shikai. Da na samu na ƙara ganin giwa sau guda, da na gode Allah."

Dajinmu ba ya shiguwa yanzu, kowa ya san dalili, kuma ko yana shiguwa ba sauran giwa a ciki. Na yi tambaya, aka ce akwai wani gandun namun daji can gabas, inda ake ɗaukar baƙi a buɗaɗɗiyar mota a zaga da su. Cikin bazara muka tafi, yini guda cur a hanya. Na sayi sabuwar riga da baƙin tabarau saboda tafiyar.

Washegari da safe aka haɗa mu mota ɗaya da wasu 'yan birni, wani Alhaji da matarsa da abokinsa, kowa rataye da kyamara mai dogon baki, suna ta cakuɗa Hausa da Turanci. Na gyara zama kusa da su. Da muka zo mashigar dajin, Baba ya tuɓe takalmansa ya ajiye a ƙarƙashin benci, ya ce a hankali, "Salamu alaikum, mu baƙi na." Matar ta rufe baki da mayafi tana dariya. Na ji kamar in nutse.

Dajin kuwa har yau in na rufe ido ina ganinsa. Ciyawa ta bushe ta yi ruwan zuma, iska na kwantar da ita tana tayarwa. Can nesa zafi ya sa ƙasa na rawa kamar ruwa, ɓakane na tsaye a ciki sai ka ce ba su taka komai ba. Wani gwanki ya tsaya a tsakiyar hanya yana kallonmu, kamar ya taɓa saninmu a wani wuri ya manta inda ne. Gadu ya ruga da wutsiya a miƙe. Zabin daji suka watse, suka sake haɗuwa a bayanmu. Baba inuwa-inuwa yake gani, amma daga yadda dabba ta zabura yake faɗin sunanta, kuma bai kuskure ko ɗaya ba. Fuskarsa ta saki, ban taɓa ganinta haka ba.

Wajen hantsi muka iso inda hanya ta rabu biyu. Direba ya rage gudu saboda wani reshen marke da ya karye ya rataya a kan hanya. Baba ya miƙa hannu ya shafa wurin karayar, ya kai yatsunsa hanci. Ya ɗaga kai yana shaƙar iska. Sai ya taɓa kafaɗar jagoran, wani magidanci mai kaki da bindiga, mutumin wannan yankin, Hausarsa ba irin tamu ba.

"Malam, masu gida na nan kusa. Hagu, wajen hwadama. Yanzun nan sunka wuce."

Jagoran ya ce, "Waɗanne masu gida, Baba? Ai ba kowa a nan, an tashi ƙauyukan tun da daɗewa."

Alhajin ya ce, "Ko dai aljanu Baba ya hango mana? To a yi musu hoto."

Suka yi dariya. Jagoran bai yi ba. Ya juyo gare ni ya ce, "Kai ne ɗansa. Me yake nufi?"

Kalma ɗaya ce. Tana bakina. Amma faɗinta na nufin in yarda a gaban mutanen nan cewa daga gidan da ake yi wa daji sallama na fito. Na gyara tabarau na ce, "Ku rabu da shi, tsufa ne. Mu bi inda kuka saba."

Baba ya buɗe baki, na ga leɓensa na motsi, sai ya rufe. Ba zai kira sunan ba a wurin, ko da me zai rasa. Jagoran ya ce jiya ta wajen duwatsu aka ga giwaye, muka yi dama. Muka yini muna zagaye duwatsu, birai na zaune a kai suna kallonmu. Baba bai ƙara faɗin sunan wata dabba ba.

Da la'asar muna masauki wata mota ta dawo, mutanen ciki na ta nuna wa juna waya. A fadama suka sami giwayen, garke guda har da 'ya'ya, suna watsa wa kansu laka. Jagoranmu ya karɓi wayar ya duba, ya zo ya durƙusa gaban Baba.

"Baba, ai da ka faɗa mana."

Baba ya ce, "Na hwaɗi."

Da sassafe jagoran ya mai da mu fadamar, mu biyu kaɗai. Sun riga sun ƙetare kogi zuwa inda mota ba ta kaiwa, ya ce sukan yi makonni a can. Hazo-hazon ruwa na tashi daga laka, balbelu na tsaye shiru. Sawu ne kawai ko'ina, kowanne kamar an kifa akushi an ɗauke, wasu ruwa ya taru a ciki yana ɗauke da sararin sama. Baba ya tsuguna, ya zagaye ɗaya da tafin hannu, ya daɗe a haka. Ni ina tsaye bayansa riƙe da takalmansa.

Bai taɓa yi mini maganar ba. Da muka koma, duk wanda ya zo sannu da zuwa sai ya ce masa, "Yaron ga ya yi ƙoƙari, har can ya kai ni. Ba mu dai ishe su ba." Na so ya zage ni, bai yi ba. Damina biyu bayan nan idon ya rufe gaba ɗaya. Na riƙa zuwa da goro da magani, in gaishe shi a tsaitsaye in koma Mafara. Sau da yawa nakan yi mafarkin motar ta karya hagu, ciyawa na buɗewa a gabanmu, sai in farka kafin mu kai.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci na hau babur na tafi Damaga. Na same shi a rumfa yana tufka igiyar rama, yatsunsa na aikinsu ba ruwansu da ido. Gero ya kai gwiwa a bayan gida. Muka gaisa, ya tambayi iyali, da kasuwa, da ruwan wajenmu, da hanya. Gaisuwa ta ƙare, ban tashi ba.

Ya ce, "Yau ba ka sauri?"

Na sauka daga kan turmin da nake zaune na zauna a ƙasa, na kama ƙafarsa.

Na ce, "Baba, ranar nan a daji, na gane abin da ka ce. Na gane sarai. Kunyar mutanen nan ta sa na ce tsufa ne, alhali kai ka fi kowa gani a motar. Ni na hana ka, kuma ba ni da yadda zan mai da maka. Na zo ne ka yafe mini, don Allah."