Saƙon da na sa hoton 'yata a ciki

Tun ranar da na haifi 'yata nake ɗauke da tsoro guda: kar wani ya ɗauke min ita. Ban taɓa ganin an sace yaro a unguwarmu ba, labari dai nake ji a gidan suna da bakin famfo. Amma ko kasuwar Nguru za mu shiga, sai na ɗaure hannunta da bakin mayafina. Mijina ya sha yi min tsiya, wai ko akuya na haifa.

Sana'ata turaren wuta da humra, a wajen kakata na koya. Yayar mijina, mai shagon kayan mata a Gashuwa, ita ta ce kayana sun fi ƙarfin layinmu. Ta je wani baje koli a Kano, ta dawo da takarda cike da adireshin imel na masu shaguna. Ta buɗe min imel a wayata, ta ce in rubuta musu.

Ni a aji huɗu na firamare na tsaya. Kwana biyu na yi ina danna haruffa ɗaya bayan ɗaya. Na gaishe su da gida, da yara, da gajiya, da zafi, sai can ƙasa na ce ina sayar da turare. Ko mutum ɗaya bai amsa ba.

Na shiga mota na kai mata wayar har Gashuwa. Ta karanta, ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame.

"Amaryarmu, wannan ai barkar haihuwa kika je! Wa ke da lokacinki? Tun daga kan saƙon ki faɗi abin da kike sayarwa. Layi huɗu ya isa, da hoto ɗaya mai kyau. Ki gaya musu abin da za su yi in suna so. Kuma ki sa kanki a ciki, mutane sun fi sayen kayan wanda suke jin kamar sun san shi."

Wannan ta ƙarshen na riƙe da ƙarfi. Na zaunar da 'yata, tana shekara uku, kusa da kasko, hayaƙi na tashi, kwalbar humra a hannunta, na ɗauke ta hoto. Na rubuta sunanta, na ce ita ce mai taya ni. Mu kuma nan ba lambar gida muke bayarwa ba, kwatance muke yi. Sai na yi yadda na saba: bayan tsohuwar tashar jirgi, shuɗiyar ƙofa, gindin bishiyar maina, in kun ga yarinyar nan a ƙofa kun iso.

Saƙon ya ci. Amsa ta riƙa shigowa, har daga waɗanda ban tura wa ba, wai ƙawa ce ta tura musu. Ina ta murna.

Wata rana da hantsi, mijina ya tafi Jakusko sayen hatsi, ina tsakar gida ina dakan itacen turare. Na ji babur ya tsaya. Sai na ji muryar namiji, muryar da ban sani ba, tana kiran sunan 'yata. Na ji ta amsa.

Ban san lokacin da na yar da taɓarya ba. Ko mayafi ban ɗauka ba. Na same shi a tsugune gabanta, waya a hannu ɗaya, alawa a ɗayan. Hotonta ne a fuskar wayar. Na fizge ta har ta sa kuka.

"Baiwar Allah, kwantar da hankalinki, aiko ni aka yi," in ji shi. Ashe direba ne, uwar ɗakinsa daga Kano ta ce ya biyo ya karɓar mata humra. "Gidan ba wuyar ganewa, ina ganinta na ce ga ta nan."

Na miƙa masa kayan. Yana tafiya na karɓe alawar da ya ba yarinyar na jefa a murhu, na kira Gashuwa.

"Yaya, ya ake dawo da saƙo?"

"Wane irin dawowa? Me ya faru?"

Na gaya mata.

"Ke! Kanki na ce ki sa, ban ce ki sa mana 'ya ba. Wanda ya tafi ya tafi, ba ya dawowa."

Mutumin nan na kirki ne, na yarda. Wanda ban sani ba shi ne na gaba. Yanzu kwalabe kaɗai nake ɗauka a hoto, mai son kaya kuma a shagon Yaya yake karɓa. Mijina ya sake wa ƙofar fenti, amma maina tana nan inda take. Yarinya ta daina wasa a ƙofar gida, kullum sai ta yi min kukan fita.

Don Allah, in wancan saƙon ya iso wayarki ko wayarka, mai yarinya da kasko, a goge shi. Kar a tura wa kowa.