Ɗakin da Na Kulle a Kwamfutar Hajiya

Ni haifaffiyar Zongon Lome ce, kuma ba yabon kai ba, a ajinmu na lise, wato sakandare, babu wanda ya kama ƙafata a harkar kwamfuta. Da karatu ya tsaya, na sami aiki a wani shagon gyara a unguwar Adidogome, ina zuba sabon tsarin Linux a tsofaffin kwamfutoci.

Ku gane wani abu, ƙannena masu gyara. Idan za a zuba sabon tsari, na'urar kan kawo nata zaɓin: a share diski, wato ma'ajiyar kwamfutar, gaba ɗaya, a mai da shi ɗaki guda. Yawancin masu gyara dannawa kawai suke yi, kayan mai kwamfuta su tafi. Ni kuwa na iya raba diski ɗaki-ɗaki, na tsari daban, na hotuna da takardun mutum daban, in rubuta wa na'urar ta buɗe kowanne idan ta tashi. Mai shagonmu kan ce, "Hannun yarinyar nan da albarka yake."

Wata rana na manta ban rubuta layin umarnin da ke buɗe ɗakin kayan wani ɗan kasuwar Asigame ba. Ya dawo yana zufa, wai takardunsa sun salwanta. Na gyara cikin minti biyu. Ya zaci daga kabari na tono su, ya yi mini kyauta mai tsoka. Na karɓa, na yi shiru. Shirun nan shi ne farkon satata.

Daga nan da gangan nake yi. Kalma ɗaya nake ƙarawa a layin, ɗakin ya ƙi buɗewa. In ce wa mutum kayansa sun goge, in bar shi kwana uku yana juyayi, sannan in sayar masa da abinsa.

Sai Hajiya Ramatu mai atamfa ta kawo kwamfutar marigayi mijinta Alhaji. A ciki akwai muryarsa yana karatun Alƙur'ani, kuma babu ita a ko'ina sai nan. Na kulle ɗakin. Da ta zo karɓa na ce, "Hajiya, sai haƙuri, komai ya tafi." Ina jiran ta roƙe ni in gwada. Sai ta share ido da bakin mayafi ta ce, "'Yata, kar ki damu kanki. Wanda ya karɓi mai muryar, shi ya karɓi muryar." Ta hau zemijan, wato acaɓa, ta tafi, ba ta dawo ba. Ni kuma tsoro ya hana ni bin ta.

Bayan wata biyu ƙanen mijinta, malamin kwamfuta, ya shigo shagon da kwamfutar a hannu, ya riga ya buɗe ɗakin ya tarar da muryar. Ya nuna mini allon ya ce, "Madam, karanta mana layin nan da ƙarfi. Na'ura ba ta rubuta wannan da kanta." Kafin mako ya cika, sauran waɗanda na cuta sun hallara a komisariya, ofishin 'yan sanda. Na yi shekara guda da 'yan watanni a gidan yari. Ban musa ko ɗaya ba, kuma a can na koyi yin salla da zuciyata, ba da goshi kawai ba.

Da na fito, gidan Hajiya na fara zuwa. Na durƙusa. Ta ce, "Wata biyu kika sa na sake zaman makoki. Tashi, na yafe."

Yau ina gidan aurena da 'ya'ya biyu. Bara Hajiya ta yi sallama a ƙofata, rungume da kwamfutar nan, wai ta yi nauyi wajen aiki. Na ce, "Hajiya, ni?" Ta ce, "To wa ya fi ki sanin inda Alhaji yake kwana a ciki?" Muka yi dariya har da hawaye. Na raba ɗakunan a gabanta, na nuna mata kowanne, yatsanta ne ya danna maɓallin ƙarshe. Na'urar ta tashi, muryar Alhaji ta cika tsakar gidana. Ban taɓa alfahari da hannuna kamar ranar ba.

Ƙannena masu gyara, kayan da ke cikin diski amana ce. Ku karanta allo kafin ku danna, ku juya shi mai kaya ya gani. In kun yi kuskure aka kawo muku kyauta a kansa, ku buɗe baki nan take. Ni da na buɗe nawa ranar ɗan kasuwar nan, da Hajiya ba ta yi kuka a shagona ba.