Sista Mai Tambayar Zuciya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan jiya, da hantsi, 'yata ta shigo ta shaida mini Allah Ya yi miki rasuwa, Sista. Da hannun hagu nake wannan rubutu, kin san na dama ya daɗe da ajiye aiki.

Ni ne telan nan da ɓarin jikinsa ya shanye. Wata uku ina zuwa ɗakinku na masu koyon tafiya, kowa na yaba ƙafata. Babu wanda ya san a gida wuni nake gaban keken ɗinkina da aka lulluɓe da zane, ina fatan mutuwa ta zo in huta. In aka ce ya jiki, sai in ce da sauƙi.

Kina da takardar tambayoyi ta gano ciwon damuwa, amma ba kya karanta ta a gaban dangi, don kin san halinmu. Sai ki aiki mai jinya karɓo magani, ki ja kujera ta ɓangaren da ya shanye, inda kowa ke kauce wa. Ran nan kika ce, "Baba, labarin zuciya a tambayi fuska. Barci fa? Abinci fa? Yaushe rabonka da dariya?" Na buɗe baki zan yi ƙarya, kuka ya riga ni. Ba ki ce in yi haƙuri ba, kika bari na gama. Sannan kika ce wannan ma ciwo ne, yakan biyo shanyewar jiki, kuma yana da magani. Da kanki kika raka ni wurin likita, kina tsokanata wai na fi kekena tsatsa.

Da aka kai ni gaisuwa na tarar da ɗaki ɗaya, kujera ɗaya, kofi ɗaya. Maƙwabciyarki ta ce shekara shida ke kaɗai kike tun rasuwar maigidanki. Wallahi na ji kunya. Ko sau ɗaya ban taɓa ce miki, "Ke fa?" ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe kurakuranki, Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa ki da bayinsa nagari inda babu kaɗaici. Ina miƙa ta'aziyya ga ƙaninki da abokan aikinki, Allah Ya ba su haƙuri. Ya ba mu mu ma, da har yanzu muke zama kan bencin nan na asibiti duk ranar Laraba muna duban ƙofa.