Farar Ƙwayar Kakana

Jiya a farmasi na ga irin farar ƙwayar da kakana yake sha, sai ƙamshin kununsa na tsamiya ya dawo mini. Zuciyarsa takan yi gudu ba dalili, har ya taɓa faɗuwa a gona, lokotoro a Maraɗi ya rubuta masa maganin. Bayan sallar asuba yakan haɗiye ƙwayar, ya ɗora yatsuna a wuyan hannunsa mai ɗumi.

"Kin ji, amarya? Ta daidaita."

Wata rana na ce, "Kaka, tunda ka warke, bar shan ta mana."

Ya yi dariya. "Don jaki ya natsu, ba a kwance shi bakin gonar gero."

Bai taɓa fashi ba, ya ƙara damina da yawa yana nomansa. Allah ya haskaka makwancinsa.